Garin zinki a gonar masara: inda yake biyan kuɗinsa da inda ba ya biya

Masara ba ita ke cika rumbu a ƙasar Damagaram ba, wannan aikin hatsi ne da dawa da wake. Inda take yin kyau shi ne gonar bayan gida, wadda shara da kashin dabbobi suka daɗe suna ciyarwa, sai fadamu da garake na kwarin Korama a wajajen Matamai, Bande da Magarya, da kwaruruwan Mirya da Gidimuni, inda ake ba ta ruwa da rani a sayar da ita ɗanya ga masu gashi. Masu irin wannan noma ne ake yi wa tallar kaya biyu a kantunan kayan noma, bayan buhun kamfa 15-15-15 da na ure. Na farko kwalba ce mai hoton ƙatuwar masara a jiki, ana ce mata takin ganye, wasu su ce bitamin. Na biyu farin abu ne a leda, wani kamar sukari wani kamar gari, an rubuta masa "sulfate de zinc". Shi ba kowane kanti ke ajiye shi ba, sau da yawa sai an tambaya ko an sa a kawo. A kansa wannan sharhi yake, amma ba a yi masa adalci sai an ajiye shi kusa da kwalbar, kusa kuma da amalanken taki.

Hukuncina a kansa shi ne: kaya ne na ƙwarai, kuma idan aka lissafa abin da ke cikinsa ya fi kwalba araha nesa ba kusa ba. Sai dai ba kowace gona ke buƙatarsa ba. A ƙasar da ba ta ga takin gida ba, ba ta kuma ƙoshi da kamfa da ure ba, zuba shi asarar kuɗi ce.

Abin da ke cikin ledar

Iri biyu ne suka fi yawa, kuma dole mai saye ya san wanne aka miƙo masa. Mai ƙyalli kamar sukari, wanda takardarsa ke ɗauke da ZnSO4.7H2O, zinkin da ke cikinsa kashi 21 zuwa 22 ne cikin ɗari, wato kusan gram 210 a kilo. Mai kama da gari ko ƙananan ƙwayoyi, mai alamar ZnSO4.H2O, yana da kashi 33 zuwa 35. Kilo 2 na wannan ya tsaya wa kilo 3 na wancan. Don haka idan kuɗin mai garin ya ɗara na mai ƙyallin da rabi, farashinsu ɗaya ne; in bambancin bai kai haka ba, mai garin ya fi riba. Dukansu suna narkewa a ruwa, amma mai ƙyallin ya fi saurin narkewa, shi ya sa ya fi daɗin feshi. Akwai na uku mai alamar EDTA, kashi 12 zuwa 15, wanda aka sarrafa yadda ƙasa mai kanwa ba ta saurin kama shi. Yana aiki, amma da tsada, kuma mai garka ɗaya zai iya rayuwa ba tare da shi ba.

Zinki dai shi ne sinadarin nan da ake ba yara a asibiti tare da ruwan gishiri da sukari idan suna zawo. A jikin masara shi ke taimaka wa gaɓoɓin kara su miƙe, ganye ya yi kore, bununi ya zubo da ƙura mai rai da za ta cika goyo. Abin da hekta guda ta masara mai kyau ke sha a shuka ɗaya bai kai rabin kilo ba, alhali azot ɗin da take so, wato sinadarin da ure ke bayarwa, ya haura kilo 70. Matsayinsa na gishiri ne a miya: in babu shi an ji a baki, amma ba shi ne tuwon ba.

Ƙasar da ta fi buƙatarsa ita ce mai kanwa. Duk inda bakin fangali ke fitar da fari idan ya bushe, kamar yadda ake gani a wasu kwaruruwa na Gidimuni da ƙasar Gure, zinkin yana nan a ƙasa amma a ɗaure, saiwa ba ta iya sha. Hawa ɗaya a pH, ma'aunin tsami da kanwar ƙasa, yana rage narkewarsa kusan sau ɗari, shi ya sa da zarar ƙasa ta haura 7 matsalar ke kunno kai. Sai jigawar da aka shekara da shekaru ana noma ta da kamfa da ure kaɗai, ana kwashe kara kakaf a kai wa dabbobi ko a yi darni. Rairayi ya fi kashi 90 a irin wannan ƙasa, ruɓaɓɓen abin da ke cikinta bai kai kashi 1 ba, kuma kullum ɗiba ake yi ba a mayarwa. Haka nan sabuwar garka da aka baje da ƙasar rijiya, ko aka kankare samanta don ruwa ya daidaita, domin mafi yawan zinkin da saiwa ke samu a taƙi guda na sama yake zaune.

Ko a ƙasa mai dama-dama, abu biyu suna tono matsalar. Ɗaya cika DAP, takin zamani mai yawan fosfor, a rami ɗaya da iri, saboda fosfor mai yawa yana danne shan zinki. Ɗayan shukar Disamba da Janairu, lokacin da ƙasa ke da sanyi, ana kuma tafka mata ruwa har ya kwanta. Saiwa ba ta yaɗuwa cikin sanyi da caɓi. Shi ya sa masarar hunturu takan fito da fari-fari, wani lokaci ta warware da kanta idan zafi ya shigo, sai a jingina warakar ga duk abin da aka fesa mata a makon.

A duba ganye kafin a fitar da ko dala

Nan ne kuɗi suka fi zubewa, domin duk masarar da ta yi rawaya akan ce bitamin ta rasa. Rashin zinki yana da kamanninsa. Yana bayyana tsakanin mako biyu da shida bayan tsira, a kan sababbin ganye na sama, ba na ƙasa ba. Za a ga faffaɗan zane fari ko ruwan ƙwai a gefe biyu na jijiyar tsakiya, ya taso daga gindin ganye ya nufi tsakiyarsa, jijiyar da bakin ganyen kuwa suna nan kore. Gaɓoɓi sun gajarce, ganye sun cunkushe a sama kamar mafici, tsiron ya tsugune. In abin ya tsananta, sabon ganyen da ke cikin maƙogwaro yakan fito kusan fari fat. Kuma ba ya kama gona bai ɗaya, tsibi-tsibi yake yi, galibi inda ƙasa ta fi fari ko ruwa ya fi kwanciya.

Idan kuwa ganyen ƙasa ne ya fara rawaya daga tsini, rawayar ta bi jijiyar tsakiya ta shiga ciki, wannan yunwar ure ce, kuma ita ta fi yawa a gonakinmu. Ƙaramar masara mai ganye ja-ja kamar ruwan zoɓo fosfor ta rasa. Bakin tsohon ganye ya ƙone kamar an bi shi da wuta, potas ne. Sabon ganye ya koɗe gaba ɗaya ba zane, farar wuta ce ta yi ƙaranci. Siraran layuka daga gindi har tsini a sabon ganye, a ƙasa mai kanwa, rashin sinadarin ƙarfe ne. Wadda ta fi ruɗa mutane ita ce cutar zane da wani ɗan ƙwaro mai tsalle ke yaɗawa. Ita layukanta sirara ne a kakkatse, kuma za a ga tsiro mai ciwo tsaye kafaɗa da kafaɗa da lafiyayye. Wannan ko buhun zinki aka juye mata ba ta warkewa, tuge tsiron ake yi tun yana ƙarami.

Yadda ake sa shi

Hanyar da ta fi daɗewa tana amfani ita ce ta ƙasa. Ana so hekta ta samu kilo 5 na zinki tsantsa, wato kusan kilo 25 na mai ƙyalli ko kilo 15 na mai gari. Garka mai murabba'in mita 1,000 za ta ci kilo 2 da rabi na farko ko kilo 1 da rabi na biyu. Fangali mai murabba'in mita 10, gram 25 ko 15. Awon ƙanƙane ne ƙwarai. Idan an shuka santimita 80 tsakanin layi da layi, 40 tsakanin rami da rami, hekta tana da rami 31,250. Rabon kowane rami bai kai gram guda ba, kuma babu hannun da zai raba wannan daidai. Dabarar ita ce a ba shi abin da zai goya shi: kilo guda na zinki cikin kilo 10 zuwa 20 na busasshen ruɓaɓɓen taki da aka tankaɗe, ko rairayi in babu, a juya sosai a kan shimfiɗar leda, a watsa, a bi da garma ko hauya kafin shuka. Wanda ya fi wannan kyau shi ne a narkar da shi a ruwa a yayyafa wa tarin takin gida, a juya, kwana ɗaya ko biyu kafin a kai gona. Takin yana riƙe zinkin, yana hana kanwa ɗaure shi da wuri.

Dole ya shiga ƙasa santimita 10 zuwa 15. Zinki ba ya bin ruwa kamar ure, inda aka ajiye shi nan yake zama, wanda aka bari a sama kuwa saiwa ba ta hawo masa. Alherin wannan hali shi ne zubi ɗaya yana kai shekara biyu zuwa uku. Maimaita shi kowace shuka tara shi ne kawai, har ya kai ga danne sinadarin ƙarfe, a gyara wani ciwo a haifi wani.

Kada a juye shi cikin kwanon kamfa a ce za a riƙa ɗiba ana zubawa. Gari da ƙwaya ba sa zama tare: garin yakan sauka gindin kwano, layukan farko su rasa, na ƙarshe su sha fiye da ƙima. Da ure kuwa, mai ƙyallin yana sakin ruwan da ke jikinsa, haɗin ya jiƙe ya dunƙule kafin a gama aiki. Da DAP ko supa kuma, idan danshi ya taɓa su tare, zinkin yana haɗewa da fosfor ya koma abin da ba ya narkewa da sauƙi.

Feshi magani ne na gaggawa ga masarar da ta riga ta nuna zane. Gram 5 na mai ƙyalli a lita guda, wato gram 75 a famfon feshi mai lita 15. In mai gari ne, gram 45 zuwa 50. A auna sau ɗaya a sikeli, a zuba a ƙaramin gwangwanin tumatir a yi masa alama, shi ke nan an samu ma'auni. Masara mai ganye 4 zuwa 8 tana cin wajen lita 200 a hekta, famfo 13 ko 14, kusan kilo guda ke nan. A fesa da sassafe ko bayan la'asar sakaliya, ba da tsakar rana ba, ba kuma a kan masarar da ƙishi ya naɗe wa ganye ba. Ita a ba ta ruwa tukuna. Cikin zafin Maris da Afrilu a sauko zuwa gram 3 na mai ƙyalli a lita, in ba haka ba za a wayi gari da ɗige-ɗigen ƙuna a ganye. A maimaita bayan kwana 10 zuwa 14. Ganyen da ya riga ya yi zane ba ya komawa yadda yake, sabon da ke fitowa ake kallo a san ko maganin ya ci.

Ruwan da aka dama da shi yana iya kashe aikin tun a bakin rijiya. Ruwa mai kanwa yana mayar da zinki farin gari wanda ganye ba ya sha, ya kuma toshe bakin famfo. Gwajin ba wuya: a narkar da rabin cokalin shayi a kwalbar gilashi cike da ruwan da za a yi aiki da shi. In ya tsaya garau, a ci gaba. In ya yi fari kamar an ɗiga madara, a nemi wani ruwa, ko a fara matsa lemun tsami a ruwan kafin a zuba garin, ana ƙarawa har gwajin ya fito garau. Tun da tsutsar masara ta shigo Afirka a 2016, kowa yana so ya haɗa taki da maganin tsutsa a famfo ɗaya don rage wahala. A yi wannan gwajin kwalba da haɗin tukuna. In ya kame ko ya rabu gida biyu, a fesa kowanne dabam. Takin ganye mai fosfor kuwa kada ya shiga famfo ɗaya da shi sam.

Akwai hanya ta uku mai arahar gaske ga wanda irinsa na gida ne, ba wanda kamfani ya riga ya shafa wa magani ba: a jiƙa irin cikin ruwa mai gram 10 a lita, ya kwana, kada ya wuce awa 16, a shanya a inuwa ya sha iska, a shuka a ranar cikin ƙasa mai danshi. Yana taimaka wa tsiro a makonnin farko, amma ba ya warkar da ƙasa.

Yanzu a ɗauko kwalbar

A juya bayanta a karanta ƙananan rubutun. Yawancin takin ganye na gama-gari za a ga an jera N, P, K, wato azot, fosfor da potas, da manyan lambobi, sannan Zn, wato zinki, da wani abu kamar 0,05 cikin ɗari, wani ma 0,01. Kashi 0,05 yana nufin kusan rabin gram na zinki a lita guda. In an fesa lita 2 a hekta, gram guda ke nan aka ba tsiron masara dubu sittin da ke hektar. Feshi ɗaya na garin zinki yana ba ta gram 210. Ko azot ɗin da ke cikin kwalbar, a ce kashi 10 ne, gram ɗari da ɗoriya ne a lita, ga amfanin da ke neman kilo 70. Ganye yakan ɗan yi sheƙi na ƴan kwanaki, ido ya ji daɗi, goyo kuwa bai san an yi ba. Ba duka kwalabe ne haka ba. Akwai na zinki zalla masu kashi 10 ko fiye, waɗannan suna aiki kuma suna da sauƙin awo. Ma'aunin ɗaya ne ga kowace: a raba kuɗinta da yawan gram ɗin zinkin da ke ciki, a yi wa leda haka, a ga wanda ya fi. Kwalbar da ba ta rubuta kashin kowane sinadari ba, sai dogon kirari, a mayar da ita kan kanta.

Amalanken taki

Shi ne gindin maganar, kuma shi ma yanzu kayan saye ne. Tan guda na busasshen kashin shanu mai kyau yana ɗauke da azot kilo 10 zuwa 15, fosfor kilo 2 zuwa 3, potas kilo 10 ko fiye, da zinki wajen gram 50 zuwa 100, ga farar wuta da sauran ƙananan sinadarai. Na tumaki da awaki ya ɗara haka ƙarfi. Na kajin gidan gona ya fi duka, azot ɗinsa ya kan ninka na shanu, zinkinsa ma da yawa saboda ana sa shi a abincin kajin. Tan 5 a hekta ke nan yana mayar wa ƙasa gram 250 zuwa 500 na zinki, kusan abin da masarar ta ɗauke. Wannan ne ya sa gonar bayan gida, da wadda shanun makiyaya ke kwana a ciki da rani, ba kasafai suke nuna farin zane ba. Mai irin wannan gona in ya sayi garin zinki, da wuya ya ga bambanci a masussuka.

Abin da taki ke yi wanda babu leda ko kwalbar da za ta iya shi ne gyaran jikin ƙasa. Jigawa rariya ce: a zuba ure, a ba da ruwa sau biyu, mai yawa ya wuce inda saiwa ke kaiwa. Ruɓaɓɓen taki yana kama ruwa da sinadarai yana saki sannu a hankali. Yana jawo gara da tana da ƙananan halittu su huhhuda ƙasa, ɓawon da ruwan sama ke bari a sama ya ragu. A jigawa yana rage tsamin da ure ke haifarwa, a ƙasa mai kanwa kuma ruɓewarsa tana sassauta ɗaurin da aka yi wa zinki da ƙarfe. Duk wanda ya kwatanta ƙasar gindin gawo da ta fili a ƙasar Mirya ko Magarya ya ga wannan aiki da idonsa. An kuma gwada shi tsawon rai: a tashar bincike ta Samaru kusa da Zariya tun 1950, a Saria ta Burkina Faso tun 1960, ana noma fili ɗaya shekara bayan shekara. Filin da ake ba takin zamani kaɗai yakan yi kyau da farko, sannan ƙasa ta yi tsami amfani ya riƙa ja da baya. Wanda aka haɗa masa da takin dabbobi shi ke riƙe yabanya. Binciken cibiyar nazarin amfanin gona ta ICRISAT a Sadore kusa da Yamai a kan hatsi ya nuna irin wannan game da barin kara a gona tare da takin zamani.

Amma shi kaɗai bai isa wa masara ba. Wajen kashi ɗaya cikin uku na azot ɗinsa ne ke fitowa a shukar farko, tan 5 ke nan ya ba da kilo 20 ko kusa da haka, fosfor ɗinsa kuma kaɗan ne.

Mai sayen taki ya buɗe ido. Wanda aka share daga turke da tsintsiya har ƙasa yakan zo da rairayi mai yawa. A ɗebi tafi biyu a juya a bokitin ruwa, abin da ya kwanta a gindi shi ne abin da aka saya a banza. Ɗanyen taki yana zafi a ƙasa, yana ƙona tsiro, yana kawo gwazarma da irin ciyawa, har da na ƙuduji. In kara da ƙaiƙayi sun yi yawa a ciki, masara takan yi rawaya a makonnin farko domin ruɓewarsu tana cinye azot. Wanda aka kasa tsibi-tsibi a gona tun Maris, rana da iska suna dukansa har saukar damina, ya riga ya zubar da ƙarfinsa mai yawa. Na jujin birni kuwa sai an tsince leda da kwalba, musamman tsofaffin batura, waɗanda gubarsu ke zama a ƙasa ba ta fita. Toka mai yawa tana korar azot, a ƙasa mai kanwa kuma ƙara ɗaure zinki take yi.

Gyaransa shi ne a ruɓar da shi. A tara a inuwa, faɗi mita ɗaya da rabi, tsayi mita guda, shimfiɗar kashi bisa shimfiɗar ciyawa ko yankakken kara, ana yayyafa ruwa har in an damƙi tafi guda ya jiƙa hannu amma bai ɗiga ba. A rufe da tsohuwar tabarma ko buhu. Sandar da aka soka a tsakiya ta fito da zafi bayan kwana uku ko huɗu, aiki ya kama. Ta fito da sanyi, ruwa ne ya yi kaɗan ko ya yi yawa. A juya duk kwana 15. Cikin wata biyu zuwa uku zai yi baƙi, ya huce, ya riƙa ƙamshin ƙasar ruwan farko.

Ga garka mai murabba'in mita 1,000, wato rami 3,125 mai tsiro bibbiyu, ko da irin P3 Kollo na INRAN, cibiyar binciken noma ta Nijar, ne ko wani, jerin aikin shi ne: ruɓaɓɓen taki kilo 500, ko tan guda in ƙasar ta gaji, a gauraya da ƙasa kafin shuka. Amalanke ba ma'auni ba ne, na jaki da na shanu ba ɗaya ba, a cika buhu a auna a ƙirga. Kamfa kilo 20, marfin kwalbar lemo guda a rami, wato gram 6, santimita 5 daga iri, a rufe. Ure kilo 10 zuwa 15 a raba biyu, rabi idan masara ta kusa gwiwa, rabi dab da fitar bununi, tsunkin yatsa uku a rami, cikin danshi, a rufe shi ma. Sai bayan duk wannan ne kilo 2 da rabi na zinki mai ƙyalli ke da abin da zai ɗora a kai.

Wanda ke shakka, gani ya kori ji. Ya ware layi goma ya sa musu zinki, ya bar goma na kusa da su, komai nasu ɗaya: iri, ranar shuka, taki, ruwa. Ya maimaita haka a wani ɓangare na garkar, don ƙasa ba ta zama ɗaya ko a fili guda. Ranar girbi ya ƙirga goyon da ya isa kasuwa a kowane ɓangare, ko ya sussuka ya auna da tiya. A lura da bakin goyo musamman: ya cika har tsini ko totuwa ce tsirara. Mai babban fili kuwa ya nemi malamin gona ya taimaka masa a kai ƙasarsa awo. In zinkin da aka samu ya gaza miligram 0,5 zuwa 0,8 a kilon ƙasa, babu sauran gardama.

Aibin kayan ba a jikinsa yake ba kamar yadda yake a hanyar sayar da shi. Ana yawan farke buhu a ƙulla a leda ba takarda, mai saye bai san kashi 21 ya riƙe ko 33 ba, kuma akwai fararen gishirai masu araha da ido ba ya rarrabe su da shi. Wani kuma ragowar masana'anta ne mai ɗauke da ƙarafa masu guba. A nemi ganin buhun asali da takardarsa. A narkar da cokali guda a ruwa mai tsabta: na kirki ba ya barin yashi ko laka a gindi. Haka nan kada a yarda da shawarar a ƙara boron, wani ƙaramin sinadarin taki, a kan zato don goyo ya yi giɓi. Giɓin goyo ya fi zuwa daga ƙishi ko zafi lokacin fitar gemu, boron kuma tsakanin isarsa da gubarsa ɗan taƙi ne, musamman a rairayi.

A ajiye shi a rufe, nesa da danshi da rana. Mai ƙyallin yakan yi fari-fari ya farfashe cikin busasshiyar iskar hunturu, ko ya dunƙule da damina. A daka a yi aiki da shi, bai lalace ba. Kamanninsa da sukari haɗari ne a gida mai yara, a rubuta masa suna a ɗaga shi sama, kuma ba shi ne na asibiti ba, ba a ba mutum ko dabba. Yana cin ido ƙwarai, a wanke hannu bayan awo. Ruwan wankin famfo a zubar da shi cikin gona, ba a tafki ko bakin rijiya ba, domin kaɗan daga cikinsa yana kashe kifi.